Motar da Ta Kai Mastura Ɗaki

Ranar da aka sauke motar a ƙofar warshar da Maman Lawali yake aiki a unguwar Khumra ta Jidda, kuliyoyi biyu ne suka fara dirowa daga cikinta, suka arce bayan sito. Shekara goma sha takwas motar ta yi a ƙarƙashin tamfol a wani lungu na Waziriyya, kuma duk wanda ya san iskar Jidda ya san abin da gishiri da raɓa suke yi wa ƙarfe in an ba su lokaci. Dodge Charger ce ƙirar 1970, mai ƙofa biyu da dogon gaba, irin motocin Amurkan nan da in an tayar da su sai tagogin maƙwabta su amsa. Amma ran nan tausayi kawai take bayarwa. Farin fentinta ya daddare kamar diddigen manomi, kurom ɗin da ya zagaye fuskarta, wato farin ƙarfen nan mai ƙyalli, ya yi ƙuraje ko'ina.

Maman Lawali mutumin Maraɗi ne, mai fentin mota, shekararsa ashirin da shida a Jidda. Gajere ne mai ɗan tumbi, faratansa goma ba su taɓa kwana da launi ɗaya ba. Abin da yake taƙama da shi a duniya idonsa ne. Ka nuna masa launi sau ɗaya, ya haɗa maka shi a gwangwani da sandar juyawa, ba ruwansa da na'ura. Kuma ba ya ɓoye wannan taƙamar, har wanda bai tambaya ba yana sanar da shi.

Mai motar, Abdulghaffar, haifaffen Jidda ne, jikan wasu alhazai da suka zo daga Kano suka zauna. Hausarsa tana tafiya ne da sanda, in ta gaji Larabci ya karɓe ta.

"Ya mu'allim, sayyarar babana ce, Allah yarhamu. Aurena saura wata huɗu. Ina so a ɗauko amaryata Maimuna a cikinta, kamar yadda aka ɗauko ummi."

Ummin tana zaune a bayan motar da suka zo da ita. Ta sauke gilashi ta yafito Maman Lawali. Hajiya Mastura ta ɗan haura hamsin, kuma ita Hausarta garau take, har da ƙari.

"Kai ne mai idon da ake faɗa?"

"Ni ne, Hajiya."

"To ka ji. Wannan farin ba nata ba ne, daga baya aka shafa mata shi da zafi ya ishi mutane. Ranar da Othman ya zo ɗaukata, ruwan zoɓo ce, zoɓo mai kauri, in rana ta taɓa ta sai ka ga kamar tana ƙifta maka ido. Duk Waziriyya sai da aka fito kallo. Motar ta fi amarya kwalliya, don ni da farin ido aka kai ni."

"Subhanallahi, amarya babu tozali?"

"Akwatin lefe ya zo da tandu uku, ko ƙwayar tozali babu a ciki. Yayarsa Zakiya ce ta kawo lefen, ka ga ai ba sai na faɗi sauran ba. Shi kuwa in na tayar da maganar sai ya yi dariya ya ɗauki tsumma ya fita goge motarsa. Har ya koma ga Allah haka muke." Ta gyara mayafi. "Ni dai abu ɗaya nake so. In gan ta in gane ta."

Maman Lawali ya dafa ƙirji da hannunsa mai fenti. "Hajiya, in kin gan ta ba ki gane ta ba, in aje bindigar fenti in koma Maraɗi saida gujiya."

Kassimu, Bacadin da ke walda a warshar, yana gefe ya ji. Da suka tafi ya ce shi kam yana son gujiyar, wato gyaɗa, mai gishiri, a riƙa aiko masa.

Aka shiga aiki. Suka kwance bamba gaba da baya, da mariƙan ƙofa, da zoben fitilu, da murfin tankin mai, duk abin da yake kurom aka naɗe shi a tsohon bargo aka kai wurin masu tsoma ƙarfe. Kassimu ya yanke inda tsatsa ta cinye a ƙasan ƙofofi ya sa sabon ƙarfe, yana yi yana zagin iskar teku kamar tana jin sa. Shi kuwa Maman Lawali ya ɗauki sanfefa ya zauna a gaban ƙofar direba. Ba ya fara kankare mota sai ya karanta ta. Yakan zaɓi wuri guda ya yi ta gogawa a hankali har fenti ya fito hawa hawa kamar matakala. A wannan motar hawa uku ya samu. Fari a sama. Ƙarƙashinsa ja mai duhu da ya ƙone ya koma kamar ƙasa. Can ƙasa kuma ruwan lemo mai haske, wanda ta fito da shi daga kamfani.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya koya wurin maigidansa na farko a Maraɗi: ba a kankare mota duka. Dole a bar wani wuri a ɓoye, kamar faɗin tafin hannu, da tsohon fentinsa. Shaida yake kiran wurin. A wannan karon shaidar da kanta ta kawo kanta. Da ya ɗaga murfin but sai ya ga wanda ya shafa farin nan malalaci ne, bai taɓa cikin murfin ba. Jan yana nan yadda yake, rana ba ta taɓa ganinsa ba. Maman Lawali ya lulluɓe wurin da jarida ya manne.

Matsalar ta zo ne a cikin farar jallabiya, da takarda a hannu. Abdulghaffar yana da abokai masu son tsofaffin motoci, waɗanda ke haɗuwa bakin teku ran Alhamis suna leƙa injin juna. Su ne suka karanta masa lambar da ke jikin motar suka ce launinta na asali ruwan lemo ne, kuma duk wanda ya sa wani launi ya ɓata ta.

"Lazim ta koma wakala, ya mu'allim. Yadda ta fito daga masna'a, daga kamfani. Ga rakam ɗin boya, lambar fenti, na'ura za ta haɗa."

"Hajiya hwa ta ce ruwan zoɓo."

"Ummi? Shekara talatin da uku, wallah ta manta. Jiya ta nemi tabarau yana kanta."

Maman Lawali ya nuna masa matakalar fentin, ya nuna masa cikin but. Abdulghaffar ya ce wannan wani ne ya yi wasa da ita daga baya. Suka yi ta ja har aka kira la'asar. A ƙarshe Maman Lawali ya ce, "Bon. Mota taka ce," ya juya baya. A nan ya yi kuskure, kuma ya sani. Wanda ya dafa ƙirji a gaban uwa bai kamata ya sakar wa ɗa ba, amma saurayin ne ya kawo aikin, kuma baƙo mai zama da takardar iƙama yakan koyi yin shiru ko da gaskiya tana bakinsa.

Haka aka fesa ruwan lemo. Kuma a faɗi gaskiya, ta yi kyau. Kurom ya dawo daga tsomi yana ɗaukar ido, har Kassimu ya riƙa duba haƙoransa a jikin bamba. Saura kwana goma sha ɗaya biki, Abdulghaffar ya kawo mahaifiyarsa, yana ta murmushi, ya ja tamfol da kansa.

Hajiya Mastura ta zagaya motar sau ɗaya. Ta leƙa ciki. Ta ja da baya.

"Masha Allah, tabarakallah," ta ce. "Ta waye?"

"Ummi! Sayyarar baba ce!"

"A'a. Wannan dai motar wani ce mai son lemo." Ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ta dubi Maman Lawali kawai ta ce, "Malam, a gaida mutanen Maraɗi," ta koma mota ta zauna.

Kunya ta rufe Maman Lawali tun daga hula har silifa. Abdulghaffar ma ya yi tsuru tsuru, don ya ga idon uwarsa ya kawo ruwa lokacin da take jan gilashi. Ya matso a hankali.

"Ammi Lawali, kwana goma zai isa?"

"Da ka ji maganata, da yanzu shayi muke sha." Ya huce kaɗan. "Kawo jan fenti, kawo baƙi, kawo shuɗi kaɗan. Kuma abokan nan naka kar in ga ƙeyar ko ɗaya nan."

Ya ɓare jaridar da ke cikin but. Shaida tana nan. Kafin azahar washegari ya haɗa jan, kuma ko shi da kansa ya san ya dace: ya ɗiga a gefen tsohon, ba ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare. Amma da suka cire murfin suka fitar da shi rana sai bambanci ya fito. Tsohon fentin yana da wani abu a cikinsa. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu duhu, ba sa walƙiya sai ka motsa kai, sannan su yi maka wal su ɓace. Nasa kuwa ja ne kawai, kyakkyawa, a kwance kamar wanda ya yi barci.

Ya zuba garin azurfar da ake sa wa fentin zamani. Ya fito yana ƙyalƙyali kamar takardar alewa. Ya rage, ya ƙara baƙi, ya gwada na zinariya, ya gwada mai ruwan lu'ulu'u. Faranti goma sha huɗu na gwaji ya jera a jikin bango, babu wanda ya yi. Kwana na uku ya haɗiye girman kansa, shi da Kassimu suka ɗora murfin but a bayan akori kura suka kai shagon masu na'ura. Na'urar ta leƙa, ta yi tunani, ta fitar da takarda. Mai shagon ya karanta ya ce jan dai ga shi, amma ƙwayoyin nan ba su cikin littafin kowane kamfani.

"Ka ga," in ji Maman Lawali a hanya, "ita ma ba ta sani ba." Ya ɗan ji daɗin hakan, amma daɗin bai kai su ko kwanar Khumra ba.

"Gyaɗar dai mai gishiri," in ji Kassimu.

Ran Juma'a babu aiki. Bayan an sauko daga masallaci ya zauna a ɗakinsu na Waziriyya, ya tasa shinkafa a gaba bai ci ba. Saura kwana bakwai. Matarsa Aissa tana bakin taga da ɗan madubi tana shirin zuwa barka. Ba ta yarda da tozalin kwalba ba, dutsen take saya ta daka da kanta, yadda uwarta take yi. Ta zazzaga kaɗan a tafin hannu, rana ta faɗo a kai, garin ya yi wal ya ɓace.

Maman Lawali ya ajiye cokali.

"Aissa, kar ki motsa. A'a, motsa. Ƙara motsawa."

"Lahiya, Malam?"

Ya kama hannunta yana juya shi a hasken taga, abin da rabonsa da yi tun suna ango da amarya. Baƙi ne, amma yana ƙifta ido. Sai maganar Hajiya ta faɗo masa gaba ɗaya: tandu uku babu ko ƙwaya, da mutumin da in an tambaye shi sai ya yi dariya ya fita goge mota. Ango ne mai son burgewa, ya sayi tsohuwar mota ruwan lemo, yana so ta yi ƙyallin da ba a taɓa gani ba a unguwa, ga akwatin lefe a ɗakinsa yana jiran a kai. Maman Lawali ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Kai, Othman! Allah shi jiƙan ka, ɓarawon tozali!"

Aissa ta ce in ya gama haukan ya sakar mata hannu. Bai sake ba sai da ya karɓe tandun, ta tafi barka da ido ɗaya da tozali ɗaya babu, tana faɗa har bakin titi.

Da safe ya gwada a faranti na goma sha biyar. Garin ya toshe bindigar fenti tun fesawar farko, ta yi tari ta tofa masa a riga. Ya wanke ta, ya sake daka garin, ya tankaɗe shi da wani siririn mayafin Aissa da ya ɗauko ba da saninta ba, ya zuba shi a cikin berni, ruwan ƙyallin nan da ake fesawa a kan launi. Nauyi gare shi, yana son kwanciya a gindin gwangwani, don haka dole Kassimu ya tsaya yana juyawa ba tsayawa. Da farantin ya sha iska suka fitar da shi rana, suka ajiye kusa da shaida. Kassimu ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Shi ke nan," ya ce, "na rasa gyaɗata."

Maman Lawali ya shiga tsohuwar kasuwar Balad ya sayi dutsen tozali kilo guda. Mai shagon ya tambaye shi ko matansa nawa, ya ce ɗaya ce amma tana da girma, ƙofa biyu gare ta. Kwana biyu ana daka a turmin ƙarfe a bayan warsha, kowa da ƙyalle a hanci. Aka goge ruwan lemon har ya yi laushi, aka rufe kurom da gilasai, aka yayyafa wa ƙasa ruwa don kar ƙura ta tashi. Ya fesa jan sau uku, ya bi da berni mai tozali sau biyu a hankali, hannunsa yana tafiya kamar mai shafa kan jariri, sannan ya rufe da berni zalla. Da ya bushe ya bi shi da sanfefa mai laushi da ruwa, ya goge da audugar buhi har sai da ya ga furfurar gemunsa a jikin ƙofa. Cikin but kuwa bai taɓa ba.

Ranar biki bayan la'asar ya tuƙo ta da kansa zuwa Waziriyya, cikin sabuwar shadda, faratansa jajaye. Tun daga bakin layi injin ya sanar da zuwansu. Mata suna ƙofar gida cikin abaya, ana jiran a tafi ɗauko amarya. Ya tsaya inda rana take faɗowa ta tsakanin gidaje biyu, ya kashe mota, ya fito.

Hajiya Mastura ta fito tana magana da wata a bayanta. Maganar ta tsaya a tsakiya. Ba ta zagaya ba a wannan karon. Ta tako a hankali, ta karkata kai, motar ta yi mata wal. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar dama ta bar shi a nan.

"Ita ce," ta ce. "Wallahi ita ce. A nan ya tsaya, da hula a karkace, yana ce min in yi a hankali kar zobena ya karce ta."

Aka yi guɗa. Abdulghaffar ya rungume Maman Lawali ya sumbaci kansa, yana ta zuba Larabci, Hausar ta gudu gaba ɗaya. Hajiya ta share ido da bakin mayafi.

"Malam, Maraɗi ta yi asarar mai gyaɗa. Me ka sa mata? Ɗana ya ce har na'ura ta kasa."

"Abin da marigayi ya sa, Hajiya. Tozali ne."

"Me?"

"Tozali. Dakakke, tankaɗaɗɗe. Mota kamar wagga, in an yi tattali, tandu uku za su ishe ta." Ya buɗe but ya nuna mata shaida. "Wanga na ciki ban taɓa shi ba. Naki ne, na lefe."

Hajiya Mastura ta sunkuya ta daɗe tana kallon ɗan wurin nan mai faɗin tafin hannu. Ta taɓa shi da yatsa. Sai kafaɗunta suka fara rawa, aka rasa kuka take ko dariya, ashe duka biyun ne.

"Shekara goma sha biyar ina tambayarsa, yana fita yana goge min shi a ƙofar gida! Othman, Allah ya yafe maka, ni dai na yafe." Ta miƙe zumbur ta waiga cikin mata. "Ina Zakiya?"

Wata tsohuwa mai sanda ta matso, idonta raɗau da tozali. Ita ce yayar marigayin, wadda shekara talatin da uku ba ta san dalilin da ya sa matar ƙanenta take kallon idonta tana tsaki ba.

"Ga ni, Mastura. Me na yi kuma?"

"Ba ki yi komai ba, Yaya, shi ne abin haushin." Hajiya ta kama hannunta da hannu biyu. "Ki yafe min. Zo ki shiga, a hanya zan gaya miki."

Ta tura kujerar gaba ta sa tsohuwar a baya, ita kuma ta zauna a gaba, a gefen dama, ta gyara abayarta ta ja ƙofa.

"Ummi," in ji Abdulghaffar, "wurin amarya ne nan."

"Na sani," in ji Hajiya Mastura. "In mun isa gidansu zan tashi. Yalla, Malam Lawali, ja mu, kuma ka bi ta bakin teku."